Jarkokin Nata'ala Mai Feshi

Duk wanda ya taɓa noman wake a Dudunni cikin shekarun nan ya san Nata'ala. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace saboda daɗewar da ya yi yana goyon tankin feshi. Idan damina ta yi nisa wake ya fara fure, tun da sassafe za ka iske mutane tsugune a ƙofar gidansa, kowa yana so a fara da gonarsa. Har daga Bauranya ake aiko masa. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, amma in ya ɗaga ganyen wake ya leƙa bayansa, zai faɗa maka irin ƙwaron da ke ci da irin maganin da ke kashe shi, kuma da wuya ya kuskure.

Ba da wannan sana'a ya tashi ba. Manomi ne ɗan manomi, gero da dawa da ɗan wake a tsakani. Wata shekara tsutsa ta sauka wa waken ƙauyen ta cinye shi tas, harawa kawai aka kwashe. Da rani ya shiga kasuwar Kankiya ya iske wani mai shago yana gwada wa mutane famfon feshi. Ya tsaya yana kallo har rana ta take. Kasuwa mai zuwa ya kai bunsurunsa da tunkiya ɗaya, ya dawo gida da famfo a baya da kwalabe a buhu. Mai shagon ya nuna masa yadda ake awo da murfin kwalba, ruwa kaza, magani kaza. Rubutun jikin kwalaben da Turanci yake, ƙanana-ƙanana, ba wanda ya karanta masa, shi ma bai nemi a karanta ba. Abin da ya riƙe shi ne guba ce, kada a sha, kada yara su taɓa.

A lokacin shi da matarsa Hannatu suna da ɗiya ɗaya, Ruqayya, 'yar shekara uku. Da yake ɗiyar fari ce ba ya faɗin sunanta, Zinariya yake ce mata. Gidan kuwa ɗaki biyu ne. Nasa na ciyawa ne, ƙyaurensa na kara, akuya ma in ta ga dama tana shiga. Na Hannatu ne mai rufin kwano da ƙofar da ake sa wa kwaɗo. Don haka da ya yi tunanin inda zai ɓoye kwalaben daga Zinariya da dabbobi, ƙarƙashin gadon Hannatu ya tura su, can ƙurya, ya ji a ransa ya yi abin da magidanci mai hankali zai yi. Da kaka ta zo aka sussuke wake, ya barbaɗe shi da maganin ajiya don kada ya yi ƙwari, ya ɗinke buhunan, ya jera su a ɗakin nan dai, saboda ɓarayi.

A wannan shekarar Hannatu ta sami ciki na biyu.

Ta sha faɗa masa warin yana tayar mata da zuciya. "Malam, ɗakin nan in na rufe shi kaina sarawa yake," ta ce masa wata rana, ta fito tana riƙe da goshi.

Ya yi dariya. "Laulayi ne. Lokacin Zinariya ba warin daddawa ne kika ƙi ba? Yanzu kuma ya koma kan kayan sana'ata."

Ita ma ta yi dariya, maganar ta wuce. Kullum ya dawo daga gona rigarsa jiƙe sharkaf da magani daga wuya zuwa ƙugu, don murfin tankin yana yoyo, sai ya tuɓe ya jefa mata. Ita ke wankewa da hannu, da tsohon cikinta, a bahon da ake wanke komai na gida.

Sai kuma jarkoki. Maganin ciyawa a jarka yake zuwa, masu kauri, masu murfi mai kyau da ba ya zubar da ko ɗigo. Wa zai yar da irin wannan? In ta ƙare Nata'ala ya wanke ta da toka da sabulu, ya shanya kwana biyu, ya shinshina, in bai ji wari sosai ba ya ba Hannatu. Babbar ta zama ta ruwan sha. Wata 'yar ƙarama fara kuwa, da aka haifi jaririyar aka raɗa mata Adawiyya, ita aka mayar ta kunu. A zuba shi da zafinsa a rufe, ya daɗe bai huce ba, a riƙa ba yarinya kaɗan-kaɗan har la'asar. Matan unguwa suka gani suka yi sha'awa. Suka fara aiko da saƙo a ajiye musu. Nata'ala bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, kyauta yake bayarwa, kuma yana jin daɗin yadda ake godiya. Maƙwabcinsa Labaran, abokinsa tun na ƙuruciya, shi kaɗai ya karɓi huɗu a tsawon shekaru.

Adawiyya ta zo duniya lafiya lau, kyakkyawa, ba ta da yawan kuka. Sai dai komai nata a makare yake zuwa. Sa'anninta suna rarrafe tana koyon zama. Ba ta taka ba sai da ta haura shekara biyu, magana kuwa sai wajen uku da rabi, ita ma ɗai-ɗai. Tsofaffi suka ce nauyin jiki ne, zai wuce. Bayanta Hannatu ta yi ɓari sau biyu, daga nan haihuwa ta tsaya, aka ce haka Allah ya so.

Nauyin jikin bai wuce ba. Tana shekara shida ta fi duk yaran layin ƙiba, alhali tuwon da kowa ke ci shi take ci. Aka sa ta Islamiyyar Malam Abdulmannan, inda yayarta ta riga ta yi suna. Zinariya sau biyu ake biya mata ta riƙe. Adawiyya kuwa sai ta wuni tana maimaita aya ɗaya a bakin murhu, ta riƙe ta da yamma, gari ya waye babu ita. Shekara huɗu tana aji ɗaya. Waɗanda ta shiga da su suka wuce, ƙannensu suka zo suka iske ta.

Nata'ala mutum ne mai son a yabe shi, wannan kowa ya sani. A majalisa in ana hirar 'ya'ya, bakinsa ba ya gajiya da Zinariya. In an tambayi ƙaramar sai ya ce tana nan, ya canza magana. A hanyar Idi yakan ƙara sauri don kada a gan shi jere da ita, tana haki a baya.

Ranar da Zinariya ta yi sauka aka yi taro a filin makarantar, iyaye maza a tabarmi gaba, mata a baya. Nata'ala ya sa sabuwar shadda, ana ta miƙo masa hannu. Kafin a kira masu sauka, Malam ya sa ƙananan azuzuwa su ɗan yi karatu. Aka zo kan Adawiyya, tana shekara goma, ta fi duk 'yan ajin tsawo da faɗi. Gajeriyar sura ce, ta kwana bakwai tana tilawarta a gida. Ta miƙe, ta yi bisimilla, ta kawo aya ta farko. Daga nan ta tsaya. Malam ya ɗora mata kalma, ta maimaita, ta sake tsayawa. Tana ta murza bakin hijabinta, idonta na kan ubanta.

Nata'ala ya ji kamar duk filin shi ake kallo. Don ya riga mutane dariya, sai ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ƙyale ta haka nan. Wagga tulu ce, ruwa da tuwo kaɗai take ɗauka."

Aka fashe da dariya, har da tafa hannu. Adawiyya ba ta yi kuka ba. Ta zauna a hankali ta sunkuyar da kai. Kafin sati ya zagayo, babu yaron da ke kiranta da sunanta a Dudunni, sai Tulu.

Malam Abdulmannan ya tako har gida bayan kwana biyu. "Nata'ala, ban ji daɗin maganarka ba," ya ce. "Yarinyar nan ita ke riga kowa zuwa, ita ke share aji. Na koyar da malalata da yawa, na san su. Wannan ba lalaci ba ne. Tana zubawa, wani abu ne ke hana shi zama."

"Allah shi gafarta Malam, to a huta da wahal da kai," in ji Nata'ala. Daga ranar ya cire ta daga makaranta, ya ce ta zauna ta taya uwarta aiki.

Shekara biyar ta yi a gida. Tana surfe, tana kiwon awaki, ba ta gardama da kowa. Bayan wuyanta ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa gawayi, Nata'ala ya ce ƙazanta ce, Hannatu ta riƙa dirza mata da soso har fata ta ɗaye, baƙin bai tafi ba. Sai ƙishirwa ta zo. Ta sha kofi uku a tsaye ta nemi ƙari, ga yawan zagayawa. Ƙaya ta soke ta a ƙafa, ɗan ciwon da bai kai ƙwayar wake ba, ya yi wata biyu bai rufe ba.

Ranar roron wake ne, da hantsi, ta yanke jiki ta faɗi tsakanin kunyoyi. Labaran ya kawo babur ɗinsa da gudu. Nata'ala ya ja, Hannatu ta rungume ta a baya, suka kama hanyar Kankiya. Zinariya a lokacin tana makarantar koyon aikin lafiya a can, aka buga mata waya ta tarye su a bakin asibiti da farin kayanta.

Aka ƙara wa Adawiyya ruwa, aka ɗibi jini. Da ta farfaɗo ta sami barci, likitar ta kira iyayen ofishinta. Mace ce matashiya, Likita Karima ake ce mata, mai magana a hankali. Ta ce ciwon suga ne, kuma irin wanda aka fi gani ga manya masu shekara arba'in ko hamsin. Baƙin wuyan nan ma alamarsa ce, ba dauɗa ba ce. Hannatu ta dubi tafin hannunta.

Likita ta tambaya ko akwai mai ciwon a dangi. Suka ce ba su san kowa ba. Ta tambayi yadda yarinyar ta tashi, yaushe ta zauna, yaushe ta yi magana, yaya karatu. Tana ji tana rubutawa. Sannan ta juya ga Hannatu. "Mama, ki tuna mani lokacin da kike da cikinta. Ina kike kwana, mi kike aiki da shi, a mi kuke shan ruwa?"

Hannatu ta faɗa tiryan-tiryan, ba da nufin ƙarar kowa ba, yadda mace ke ba da labarin gidanta. Kwalabe a ƙarƙashin gado. Buhunan wake masu magani a gefen katifa. Rigar feshi da take wankewa kullum. Jarkar ruwa. 'Yar farar jarkar kunu, har da murmushi ta faɗi wannan, tana yabon yadda take riƙe zafi. Ta faɗi ɓarin nan biyu. Alƙalamin likita ya tsaya.

"Wa ke feshin?"

Shekara goma sha shida Nata'ala yana amsa wannan tambaya da ƙirji a buɗe. Ranar sai ya ji muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Ni ne."

Likita Karima ta ajiye alƙalami. Ta ce jikin mutum yana da wasu sinadarai da yake aika saƙo da su daga wannan sashe zuwa wancan. Su ke tsara yadda ƙwaƙwalwar ɗan tayi za ta ginu, su ke gaya wa jiki abin da zai yi da abinci, ya ƙone shi ko ya tara. Ta ce a cikin wasu magungunan feshi, da wasu robobi musamman in an zuba musu abu mai zafi, akwai abubuwan da ke shiga jiki su rikita wannan saƙo. Ba a faɗuwa nan take, ba a kumfar baki. Sai bayan shekaru abin ke iya fitowa, a karatu, ko a ƙiba, ko a suga.

Nata'ala ya yi ƙarfin hali. "Amma Likita, ni ke shaƙarshi kullum. Da hannuna nike damawa, in bakin famfo ya toshe da bakina nike hurawa. Ga ni garau."

"Kai ma ina so a duba ka," ta ce. "Amma Malam, kai da girmanka ya same ka. Ita kuwa ana cikin halittarta. Abin da ba zai girgiza babba ba yana iya canza wa ɗan tayi hanya. Kada ka ce na ce tabbas shi ne. Ba ni da gwajin da zai nuna haka, bayan shekara goma sha biyar. Akwai gado, akwai abinci, akwai abin da Allah kaɗai ya sani. Amma in ka tambaye ni ko mai ciki ta kwana a irin wannan ɗaki, ko a ba jariri kunu a irin wannan jarka, zan ce maka a'a da babbar murya. Kuma wanki da toka ba ya fitar da shi, roba tana shanye magani."

Ya fito ya rasa inda zai sa kansa. Ya zauna a gindin wata bishiyar dalbejiya a harabar asibitin, ya cire hula ya riƙe. Ba maganar kwalaben ce ta fi cinsa ba, wannan zai iya cewa bai sani ba. Filin makarantar nan ne ya dawo masa, da sabuwar shaddarsa, da idon yarinyar a kansa tana jiran ya taimake ta.

Zinariya ta zo ta durƙusa nesa kaɗan. "Baba, tun bara aka koya mana wannan a aji. Ina zaune ina ji, jarkar gidanmu nake gani. Na zo hutu sau biyu da niyyar in faɗa maka, na kasa."

"Mi ya hana ki?"

"Na ga yadda kake ji da sana'ar. Kuma na ji nauyi."

Wato har ɗiyarsa ta shekara tana ɗauke da wannan, tana kallonsa yana rabon jarkoki yana karɓar godiya.

Kwana tara aka yi kafin a sallame su. Da suka koma gida Nata'ala ya daina zuwa majalisa. Masallaci ma sai an tada iƙama yake shiga, ana sallamewa ya fice. Abinci in Hannatu ta kawo, ba ya iya ɗaga ido ya dube ta. Ita kuwa ba ta taɓa ce masa ga abin da ka jawo ba. Da ta faɗa, yana jin da ya fi masa sauƙi. Ta dai kwashe jarkokin gidan ta tara masa a ƙofar ɗaki, ta fito da tsohuwar randar uwarta ta wanke.

Wata safiya yana zaune a zaure sai ga Haulatu, amaryar ɗan Labaran, ta wuce daga rijiya, cikinta ya fito sosai. A kanta jarka ce ruwan ɗorawa. Ya san jarkar, har da ɗan tabon da ke gefen mariƙinta. Shi ya ba da ita da damina.

Ya miƙe ya shiga gidan Labaran. Ya ce yana so a ba shi jarkokin nan da ya bayar.

Labaran ya dube shi sama da ƙasa. "Kyautar da ka yi ita za ka karɓe? Ko an fara sayensu ne a Kankiya?"

"Ba haka ba ne. Ba su da kyau ne."

"Shekara nawa muna sha, yau ne ba su da kyau? Kai dai faɗi gaskiya."

Nata'ala ya so ya tsaya a nan. Amma ya ga in bai faɗa duka ba, ba za a ba shi ba. Ya faɗa, yana kallon ƙasa, tun daga ƙarƙashin gado har ofishin likita. Labaran ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce a juye ruwan nan a zubar, a kawo jarkokin duka.

"Ba gidana kaɗai ba ne fa," ya ce yana miƙa masa. "Rabin garin nan a jarkarka suke sha. Gida-gida za ka bi kana wannan bayani?"

Ranar bayan sallar La'asar, liman na shafa addu'a, Nata'ala ya miƙe. Mutumin da in yana bayanin ƙwari ba a iya katse shi, ranar sai da ya fara sau uku.

"Jama'a, ku yi haƙuri in ɗan tsayar da ku. Jarkokin da na riƙa ba ku, na maganin feshi, ina roƙo ku maido mani. Likita ta ce wanki ba ya fitar da abin da ke ciki, kuma shina iya cutar da mai ciki da jariri, ko da ba a gani nan take ba. Ni na kawo su garin nan, ni na raba. Kuma ɗiyata Adawiyya, da na tsaya gaban da yawanku na yi mata suna, ba laifinta ba ne. Ba lalaci ba ne, ba haɗama ba ce. Mai yiwuwa ma daga hannuna ne. Don Allah ku hana yaranku kiranta da wannan suna."

Wani daga baya ya ce likitoci ba abin da ba sa faɗa, ciwo na Allah ne. Wani dattijo ya yi tsaki ya ce to waken da muke ci fa, wa ya barbaɗe shi? Malam Abdulmannan ne kaɗai ya taso ya kama hannunsa ya riƙe. Nata'ala ya fi jin nauyin wannan hannu fiye da tsakin.

Cikin sati biyu ya tara jarka ashirin da bakwai. Wasu gidajen sun hana, sun ce tasu ta daɗe, maganin ya fita. Wata tsohuwa ta ɓoye tata a rumbu ta rantse ta ɓace. Waɗanda ya samu ya huda kowace da wuƙa a gindi da gefe, yadda ko an tono ba za ta riƙe ruwa ba, ya kai can bayan gonarsa nesa da rijiya ya haƙa rami ya binne, don likita ta ce kada ya ƙona.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi wuya. Ya yi kwanaki yana zagaye shi. Ran nan da safe ya iske Adawiyya a garken awaki tana zuba musu dusa, ta ɗan rame, ƙafarta naɗe da bandeji. Ya tsaya a bakin danga.

"Adawiyya."

Ta waigo da sauri, don ta daɗe ba ta ji sunan daga bakinsa ba. Ta durƙusa. "Na'am, Baba."

"Tashi. Ina so ki yafe mani."

Ta dube shi ba ta gane ba. "Mi ka yi, Baba?"

Ya fara bayanin magani da jarka, ya ga ba ta bin zancen, tana dai gyaɗa kai don ladabi. Sai ya bari. Ya ce, "Ranar saukar yayarki. Abin da na faɗa gaban mutane."

Nan ta sunkuyar da kai. Wannan ta riƙe shi, shekara biyar bai zube ba. Ta ɗan ja bakin zanenta. "Ai na iya surar a gida, Baba. Da na ga mutane ne ta gudu."

"Na sani."

"Na yafe. Ba komai." Sannan ta ce, "In ƙafata ta warke, in koma wajen Malam?"

Ya gyaɗa kai, ya juya da sauri ya fita, don kada ta ga fuskarsa.

Nata'ala bai bar feshi ba. Da shi yake ci da gidansa, kuma in ya bari wani ne zai ɗauka wanda bai ji abin da ya ji ba. Amma ya gina ɗan ɗaki na ƙasa a gona, can kayan suke kwana da kwaɗo. Ya sayi takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci, ya canza murfin tanki. Kayan aikinsa shi ke wanke abinsa a gona, matasa na wucewa suna yi masa dariya wai Nata'ala ya zama ɗan wanki. Wake kuwa ya koma zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ba ya barbaɗa komai. Wasu manoman sun bi shi, wasu sun ce tsada. Gonar da ya iske mai ciki tana aiki a ciki, ba ya buɗe kwalba sai ta fita, ko mai gonar zai yi fushi.

Adawiyya tana shan magani safe da yamma, duk wata Zinariya na raka ta asibiti. An rage mata tuwo an ƙara ganye, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Tana zuwa ajin matan aure na Malam Abdulmannan, inda ba mai gaggawa. Karatun yana tafiya a hankali ƙwarai, kuma likita ta ce kada su sa ran zai canza sosai. Manya sun daina kiranta da sunan nan. Yara kuwa har yanzu wani lokaci yakan kuɓuce musu a bakin rijiya, kuma in Nata'ala ya ji, ba ya iya tsawata musu, don ya san inda suka samo shi.

Haulatu ta haihu bayan ƙaramar salla, mace, aka sa mata Halimatu Sa'adiya. Ranar suna Nata'ala ya je, amma can ƙarshen tabarma ya zauna, ya karɓi goro bai ci ba. Wata shida cikin tara na wannan ciki a jarkarsa aka sha ruwa. Labaran bai taɓa tayar masa da maganar ba, zumuncinsu yana nan. Sai dai duk lokacin da aka fito da yarinyar zaure, Nata'ala yakan rage tafiya ya saci kallonta, ya ga ko tana bin mutane da ido, ko wuyanta ya tsaya. Da ta kai wata bakwai ya kasa daurewa, ya sa Hannatu ta je ta tambayo, kamar ita ce ke son sani, ko ta fara zama.

Hannatu ta dawo ta ce ta fara, har tana jan jiki.

Ya ce alhamdulillahi. Sannan ya tambaye ta, a wata nawa ne yaro ya kamata ya fara tsayuwa.